Takalmi a Ƙarƙashin Kujera

Abin da na fara sani game da tuƙin mota shi ne ana cire masa takalmi. Tun ban isa shiga makaranta ba nake ganin Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana yin haka kowace safiya a bakin Ƙofar Durbi. In an sallame sallar asuba sai ya zo ya zagaya motar, yana ƙwanƙwasa tayoyi da wani guntun ƙarfe yana sauraron amon kowacce, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Daga nan ya buɗe ƙofa, ya zauna a gefen kujera ƙafafunsa na lilo a waje, ya zare takalmansa na fade, ya kaɗe su, ya tura su can ƙarƙashin kujera, bayan wani katako da ya kafa da ƙusa don kada su gangaro gaba. Ya ɗauko tsumma ya goge tafin ƙafarsa, dama sannan hagu. Sai ya yi bismilla ya juyo ciki.

A lokacin ban ga abin mamaki ba. A Katsina muka tashi, inda yaro ba ya gifta dattawa zaune a ƙofar gida da takalmi a ƙafarsa. Da takalmi a hannu ake shiga zaure, haka ake shiga ɗakin uwa, haka ake durƙusawa gaban malam, balle masallaci ko fada. Saboda haka a hankalina na yaro, gaban mota wani ɗaki ne mai alfarma, Kawu kuma yana ba shi girmansa ne kawai. Sai da na girma na gane cewa lallai akwai ladabin, amma abin da ya fi yawa a ciki sanin sana'a ne.

Ƙofar Durbi tana duban gabas, wajen Mani, ƙasar Durbin Katsina, inda tsoffin kaburburan Durbi ta Kusheyi suke. Ta wannan ɓangaren ake bin hanyar Mashi zuwa Daura, tafiyar kimanin kilomita 80. A ƙuruciyarmu ganuwa ba ta cinye kamar yanzu ba, mukan hau samanta mu hangi ƙurar mota tun daga nesa mu riƙa gardamar ta wane ce. Kawu yana jan wata Bedford mai bodin katako ta wani attajiri, tana ɗaukar gyaɗa da hatsi da fatu, mutane kuma su zauna a saman buhuna. Direba a wancan zamani ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ke kawo labarin Kano da Kaduna, shi ake ba wa saƙon wasiƙa da kuɗi, kuma makaɗa irin su Mamman Shata ba su bar direbobi a baya ba wajen waƙa. Amma duk wannan isa, in ka leƙa ƙasan sitiyari, ƙafa ce tsirara a kan ƙarfe.

A duba abin da direban ke da shi na sawa. Takalmi sau-ciki na ma'aikatan En'e ne da malaman makaranta da masu kaki. Talaka fade yake sawa, ko wanda aka yanko daga tsohuwar taya. Dukkansu yatsu ne ke riƙe da su, diddige a sake yake. Irin wannan takalmin yana da daɗin tafiya a yashi, yana da sauƙin cirewa in za a yi alwala sau biyar a yini, amma a kan kuloci maƙiyi ne. Kana ɗago ƙafa sai bayansa ya rataya ya tokare ƙasa, kana matsawa daga totur zuwa birki sai bakinsa ya maƙale a gefen ƙarfe. Su kuwa manyan motocin lokacin, musamman in giyarsu ta sha wuya, sai an taka kuloci sau biyu ake sauya giya: ka taka ka fitar, ka saki, ka ɗan ba ta wuta in saukowa za ka yi, ka sake takawa ka shigar. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, da kaya tan bakwai ko fiye a bayanka, a hanyar da rabinta burji ce. A tsohuwar Landiroba har maɓallin rage hasken fitila a ƙasa yake, da ƙafar hagu ake danna shi. Ƙafafun direba a lokacin suna aiki kamar na masaƙi a kan masaƙa, babu wadda ke hutawa.

Sai kuma maganar ji, wadda ita ce Kawu ya fi nanatawa. Motarsa ba ta da fitilun da ke kunnawa su faɗa maka ga abin da ya lalace. Abin da za ta faɗa, ta kunne take faɗa, ko ta kujera, ko ta tafin ƙafa. In birki ya yi laushi kamar an taka soso, to iska ta shiga layin, ko man birki ya ja baya. In yana nutsewa sannu a hankali alhali ƙafa na kansa, to wani wuri na yoyo. In yana bugun ƙafa, to duram ya karkace. In kuloci ya koma kamawa can sama, farantinsa ya kusa ƙarewa, a fara tanadin kuɗi. Yakan ce takalmi kamar auduga ce a kunne. Na taɓa ganin ya tsayar da mota tun ba a kai Mashi ba, fasinja na ta gunaguni, ya ce wa yaronsa ya shiga ƙarƙashi ya duba tayar baya ta hagu. Yaron ya fito hannunsa jiƙe da man birki. Babu wanda ya ji komai cikinmu. Ƙafarsa ce ta ji.

Akwai wani abu da masu yabon tuƙi babu takalmi suke mantawa da shi a yau, wato ƙafar da ake magana a kanta. Mutanen su Kawu a gona suka tashi, sun yi kiwo, sun taka ƙaya da tsidau da yashin bazara tun suna yara. Tafin ƙafarsu kaushi ne mai kauri, ga faso a diddige wanda ake cika shi da man kaɗanya in hunturu ya shigo. Ƙarfen birki da robarsa ta cinye, wanda injin ya gasa tun hantsi, ba ya sa su ɗage ƙafa. Takalminsu a jikin ƙafar yake. Ɗan yau da ya tashi cikin safa da kambas tun daga nazare, in ya ce zai kwaikwaye su, sunan abin kawai ya ɗauka.

Ba a kuma kai ga wannan kujera da wuri. Yaron mota sai ya yi shekaru, wani uku, wani biyar, wani fiye, yana ɗaure kaya, yana wanke mota, yana dirowa da waigi a hannu ya cusa ƙarƙashin taya duk inda aka tsaya a gangare. Wurin zamansa in an ba shi gaba, kusa da ƙofa ne, kuma maigidansa ba ya yi masa bayani. Abin da ake so ya yi shi ne kallo. Kawu ya ce shekararsa biyu cur yana kallon ƙafafun maigidansa kafin a ce masa ya matsar da mota daga inuwa zuwa bakin rijiya. Wato kafin hannu ya taɓa sitiyari, ido ya riga ya haddace rawar ƙafa.

Ni ban yi yaron mota ba, makarantar boko ta ɗauke ni, amma shi ya koya mani tuƙi a wani fili bayan gari, a cikin akori-kura ƙirar Fijo 404 da ya koma ja daga baya. Ranar farko ko makulli bai ba ni ba.

"Cire wannan abin," in ji shi, yana nuna silifas ɗina.

Na cire na ajiye kusa da ƙafata.

"A'a, ɗan nan. Nan ne bai kamata ba. Miƙo su."

Ya jefa su bayan mota. Sannan ya sa na kafa diddigen dama a ƙasa, tsakanin birki da totur amma ya fi kusa da birki, ya ce in riƙa juya ƙafar kamar ƙyaure a kan hinjinsa, dama, hagu, dama, hagu, ba tare da na duba ƙasa ba. Na yi har sha-raɓata ta ɗauki zafi.

"Kawu, yaushe za mu tayar da ita?"

"In ƙafarka ta san hanyar gida. Birki ne gidanta. Totur baƙunta take zuwa."

Duk lokacin da ba na ba mota wuta, ya ce, ƙafar ta koma ta yi shawagi a kan birki. Ta hagu kuwa, da ta gama da kuloci ta sauka ƙasa, kada in bar ta kwance a kai, domin nauyinta kaɗai ya isa ya cinye faranti. Yau shekara arba'in ke nan, kuma in na hangi yara a bakin titi ko akuya na kiwo kusa da kwalta, ƙafata kan riga tunanina komawa gida.

A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Ina ƙarami, amma ina tuna yadda manya suka yi ta zullumi, ana ta gargaɗi a rediyo. Direbobin Katsina ba su firgita kamar na wasu wurare ba, domin duk wanda ya saba zuwa Maraɗi ta Jibiya ya daɗe yana sauya hannu da zarar ya tsallaka iyaka, tunda Nijar dama ta hannun dama take tuƙi tun zamanin Faransa. Bayan nan sababbin motoci suka riƙa zuwa da sitiyari a hagu, giyar ƙasa ta koma hannun dama, ido ya sake koyon auna gefen hanya. Abu guda bai sauya ba: kuloci na hagu, birki na tsakiya, totur na dama, ko sitiyarin na ina. Kawu yakan ce da ƙafa aka taɓa a shekarar, da an ga abin da ba a so. Hannu da ido suna koyon sabon abu cikin mako guda, ƙafa kuwa in ta riƙe abu ta riƙe ke nan.

Abin da ya sauya ƙafa daga baya shi ne gudu. Kuɗin man fetur suka shigo, aka shimfiɗa kwalta, kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, sai 504 ta cika tashoshi. Mota ce mai taushin birki, mai sauƙin kuloci, wadda ke kai kilomita 120 a awa ba tare da ta nuna gajiya ba. A daidai wannan lokaci silifas na roba ya mamaye kasuwa, ga arha, ga sauƙin wankewa. Motar ta daina tilasta wa direba ya cire takalmi, domin ko da silifas za ta yi masa biyayya sau ɗari tara da casa'in da tara. Sai samarin direbobi suka kasu biyu. Wasu suna tuƙi da silifas a ƙafa. Wasu kuma sun gaji cirewar daga iyayen gidansu, amma ba su gaji katakon ba, sai su zame shi nan inda ƙafarsu take, su bar shi.

Na ga ƙarshen wannan da idona, shekara guda ko biyu bayan an ba mu jiha a 1987. Muna dawowa daga Daura da la'asar a wata 504 ta haya, ina zaune a gaba. Direban saurayi ne mai fara'a, ƙafarsa babu takalmi, silifas ɗinsa na yawo a ƙasa duk lokacin da muka shiga rami. Na gan su, na tuna Kawu, amma na yi shiru don kada a ce fasinja na koya wa direba aikinsa. Kusa da wani ƙauye sai ga amalanken shanu ya hawo titi. Direban ya hange shi da wuri, ya taka birki a kan lokaci, birkin ya sauka rabi ya tsaya. Ɗaya daga cikin silifas ɗin ya shige ƙarƙashinsa ya naɗe. Ya sake takawa, ya sunkuya yana ƙoƙarin fizgo shi da yatsun ƙafa, kafin ya ɗago mun iso. Allah ya ba shi sa'a ya karkatar da sitiyari, muka sauka cikin wata gonar gero muka daki kunya muka tsaya. Babu wanda ya rasu. Wata tsohuwa da ke bayana ta karye a hannu, kuma har yau ina jin salatinta. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyun da ya ɓata yana kokawa da robar da ba ta kai naira biyar ba, su ne tsakaninmu da tsayawa lafiya. Shirun da na yi a ranar ya daɗe yana damuna.

Ba ina cewa ƙafa tsirara ita ce mafi kyau ba. Ba ita ba ce, kuma Kawu da kansa bai mutu a kan haka ba. Ƙafar da ta fito daga alwala ko ta taka ruwan damina tana santsi a kan birkin da robarsa ta suɗe. Ta mai gumi ma haka. Birkin gaggawa yana son a taka shi da dukkan ƙarfin cinya, kuma tafin ƙafa mai laushi yakan ja baya da kansa in gefen ƙarfe ya cije shi. Motocin yanzu masu birkin ABS suna karkarwa a ƙarƙashin ƙafa in an taka da ƙarfi, alama ce ta cewa na'urar na aikinta, amma wanda bai sani ba yakan tsorata ya saki a daidai lokacin da ya kamata ya ƙara dannawa. In kuma ƙaddara ta faɗa, mutum zai fito ne a kan fasassun gilasai da kwalta mai zafi, wataƙila yana son janyo wani daga cikin mota. A shekarunsa na ƙarshe a kan hanya Kawu ya sayi wani sau-ciki na yadi mai siririn ƙasa, ya ajiye shi a mota don tuƙi kawai, ba ya taka ƙasa da shi. Ya ce yana jin motar ta cikinsa, kuma yana riƙe masa diddige. A ganina wannan ne daidai. In babu shi, gara ƙafa tsirara busasshiya da silifas, nesa ba kusa ba, muddin an kawar da silifas ɗin daga gaban kujera.

Ashe wasu ƙasashe ma a nan suka tsaya. Dokar hanya ta Burazil, ƙasar da ita ma zafi ya sa silifas ya zama takalmin kowa, ta hana tuƙi da takalmin da bai kama ƙafa ba ko wanda zai kawo cikas wajen taka birki da totur, amma ba ta hana tuƙi babu takalmi ba. A Ingila ƙa'ida ta 97 a littafin dokokin hanya tana neman direba ya tabbata tufafinsa da takalminsa ba za su hana shi sarrafa mota yadda ya kamata ba. A Amurka mutane da yawa sun ɗauka laifi ne a tuƙa mota ba takalmi, alhali babu jihar da ta haramta shi. Can ne kuma aka ga irin ɓarnar da abu maras daraja ke yi in ya shiga tsakanin ƙafa da ƙarfe. A watan Agusta 2009, kusa da San Diego, shimfiɗar roba ta ƙasan wata Lexus ta danne totur, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu. Bayan haka kamfanin Toyota, mai ƙera Lexus, ya yi kiranye a kan motoci kusan miliyan 3.8 saboda matsalar shimfiɗa. Ire-iren waɗannan motoci, su Camry na shekarun nan, sun cika titunanmu yanzu, kuma mu nan har ƙarin kafet muke ɗorawa a kan na asali saboda ƙura, ba tare da an ɗaure shi ba. Duk lokacin da na ga haka sai in tuna wani mutum da bai taɓa shiga aji ba, yana kafa katako da ƙusa a ƙarƙashin kujerar Bedford.

Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 an samu ci gaba a abubuwan da ido ke gani. Jami'i na tsaye a bakin hanya zai hangi bel, zai hangi waya a kunne, zai ga lodin da ya wuce kima. Ƙafa kuwa a ɓoye take. Babu mai duba ta sai wanda ya koya maka tuƙi, shi kuma yanzu ba ya daɗewa da kai. Motoci masu sauya giya da kansu sun kawo sauƙi, ba na musu, mata da dattawa da yawa sun samu 'yancin zirga-zirga ta dalilinsu. Amma sun bar ƙafar hagu ba aiki, sai wasu suka ɗora ta a kan birki, ta dama a kan totur, su yi ta tafiya fitilar birki na ci, na bayansu bai san lokacin da za su tsaya da gaske ba, ranar firgita kuma su take duka biyun. Wasu su naɗe ta a kan kujera kamar masu zaman hira. Ga gefen babbar riga ko dogon hijabi da ke sauka ya lulluɓe birki. Na san mata da dama masu ajiye takalmi maras tudu a mota, su cire mai tsini in za su tuƙa, kuma hikimar Kawu ce suka gano da kansu. Na 'yan acaɓa ya fi ba ni tausayi, domin su ƙafarsu ce bambar motarsu. Duk wanda ya taɓa ganin yatsun yaron da ya faɗi da babur sanye da silifas, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Kawu ya rasu da daɗewa. Ƙofar Durbi ta zama mahaɗar tituna mai cunkoso, an gina ko'ina, inda muke hawa mu hangi ƙura babu ko alamarsa. Jikansa guda yana jan Keke Napep a nan wajen. Kwanakin baya na tare shi zai kai ni kasuwa, na zauna a baya, idona ya sauka inda ya saba sauka. Birkin keken na ƙafar dama ne, a kansa kuwa ga wani silifas da igiyarsa ta taɓa tsinkewa aka maƙale ta da ƙusa.

"Tsaya tukuna," na ce masa. "Cire wannan."

Ya waiwayo yana murmushi. "Baba, ai na saba."

"Na sani. Cire dai."

Ya cire, ya riƙe su a hannu, yana duba ƙasan keken. Babu kujerar da za a tura su ƙarƙashinta, babu katako, ko'ina a buɗe yake.

"To ina zan sa su, Baba?"

Na karɓa na riƙe masa su har muka isa. Da na sauka ban shiga layin da ya kawo ni ba, na ce ya kashe keken ya biyo ni, muka nufi wajen masu takalma, na tambaye shi lamba nawa yake sawa.